Simintin Auta

Haruna bai ko kashe moto ba ya hango Dauda magini tsugune a gindin bangon gabas, yana kwaɓa siminti a cikin tsohon kwano. Kusa da shi an jera gwangwanayen fenti kore da buroshi sabo. Haruna ya jingine moton a jikin itacen bedi, ya cire hular kwano, ya yi sallama a gajarce, sannan ya tambayi wanda ya sa aikin.

Dauda ya ce Baba Dikko ne. Imrana, ƙanen Haruna, ya taso daga Jado, yana hanya, ana so a toshe tsagar nan a shafe ɗakin da fenti kafin ya iso yin Sallah.

Ɗakin na Inna ne, mahaifiyarsu. Marigayi mahaifinsu ya gina shi da tubalin ƙasa, ya rufa da azara da laka, kamar kowane ɗaki a wannan ƙauye na yankin Urafan. Tun Haruna yana yaro, duk shekara kafin damina Inna takan kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, ta bi bangon da tafin hannu tana cike duk inda ya buɗe. Haka aka yi ta yi har Imrana, autan gidan, ya dace da zinariya a Jado. Ya aiko da siminti mota guda. Aka kakkafa ƙusoshi a jikin bangon, kowace da murfin kwalbar lemo a kanta, aka ɗaura ragar waya, aka shafe ɗakin da siminti har saman rufi. Shi ne ɗaki na farko a garin da aka yi wa haka. Mata sun yi ta zuwa kallo daga ƙauyukan kusa. Kafin simintin ya bushe Dauda ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunan Imrana da manyan baƙaƙe a bangon gabas, wanda ke duban hanya. Daga ranar ba a sake yaɓe ba.

Haruna shi ne ɗan fari. A Tasawa yake aiki, yana duba ajujuwan lakwal da ɗakunan shan magani da 'yan kwangila ke ginawa. Ba a tambaye shi ba lokacin da aka yi aikin, kuma da ya yi magana daga baya an ce masa ai an riga an gama.

Ya matsa kusa da bangon. Tsagar ta taso ne daga ƙarƙashin indararo, ta gangaro a karkace, siririya kamar zaren ɗinki, ta tsaya daidai ƙirjin mutum. Zuwansa na watan azumi ya ja layi da gawayi a inda bakinta ya ƙare. Yau ma a nan bakin yake, a kan layin.

Baba Dikko, ƙanen mahaifinsu, ya fito daga zaure yana gyara hula. Ya amsa gaisuwa, ya nuna layin gawayin da sandarsa.

"Ga alamarka nan, Injiniya. Ruwa ya sauka har sau nawa, ba ta ƙara ko faɗin akaifa ba. Ta gaji ta kwanta."

Haruna ya ciro makullin moto ya ƙwanƙwasa simintin can nesa, kusa da kusurwa. Ƙarar ta fito a dunƙule, irin ta dutse. Ya matso yana ƙwanƙwasawa. Tun kafin ya kai tsagar ƙarar ta sake, ta zama ta ƙwaryar da ba kome a cikinta. Ya bi ta ƙasa har gindin bango, ya bi ta gefe har ƙarƙashin sunan Imrana, ya wuce. Ko'ina ƙwarya.

Abin da yake gudu ke nan tun da ƙanwarsa Munira ta aiko masa da hoton bangon a salula, ya ga bakin tsagar bai motsa ba. Tsaga ba ta tsayawa don ta gaji. Sauƙi take bi. Tana cin abu ɗaya gaba gaba har ta iske inda aka haɗa shi da wani abu daban, kuma idan mahaɗar ta fi abin da ke gabanta rauni, sai ta karya kwana ta bi mahaɗar. Masu yin gilashin gaban mota sun san haka, shi ya sa suke sa leda a tsakiya, don tsagar ta ɓata ƙarfinta a can kada ta huda. Haka katakon da ake manna shi falle kan falle. A irin waɗannan wurare karkatar tsaga rahama ce, da gangan aka shirya ta. Amma siminti da laka ba a shirya su su zauna tare ba. Rana ta buɗa siminti, sanyin asuba ya tsuke shi, laka kuwa ruwa ke kumbura ta. Tsagar ta gangaro har ta ci karo da ƙusa, ta nutsa ciki, ta kwanta tsakanin simintin da ƙasar, ta bazu inda ido ba ya kaiwa. Ruwan indararo yana shiga ta bakin da ake gani. Fita ce ba ya yi, domin simintin ya tare wa bangon rana.

Ya faɗa wa Baba Dikko wannan a taƙaice, da murya ƙasa ƙasa. Ya ce bangon gabas shi ke ɗauke da kan azara, kuma an ƙara wa rufin nauyin siminti. Ya ce idan aka toshe bakin aka yi fenti, an rufe idon kowa ne kawai. Abin da ya kamata shi ne a fitar da Inna yau, a ɓare simintin, bangon ya sha iska, a ga abin da ya rage.

Baba Dikko ya saurara har ƙarshe, yana zana ƙasa da sanda. Sannan ya ce shi bai yi lakwal ba, amma ya san abu ɗaya. Yaro ya shiga rami a hamada, ya fito da rai, bai sayi mota ba, bai ƙara aure ba, ya rufa wa uwarsa asiri. Ranar da zai dawo kuma sai ya tarar wansa ya feɗe ɗakin kamar akuyar layya. Mutanen gari ba za su ce tsaga ba ce. Wani suna za su kira abin.

"Wane suna, Baba?"

"Kai ma ka sani. Ba sai na ɓata bakina ba."

Haruna ya dubi farin gemun tsohon ya haɗiye maganar. Ya koma gindin bedi ya kira lambar Imrana. Muryar mace ta na'ura ta ce ba a samun mai lambar. Ya sake kira. Hanyar arewa haka take, mota tana iya yini ba rezo, waya ba ta shiga.

Ya shiga cikin gida. Munira tana bakin murhu tana tankaɗe. Mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, don haka ta dawo gida da 'ya'yanta mata, tana kwana a bukkar da ke bayan rumbu, su kuma yaran suna kwana da kakarsu a ɗakin siminti. Haruna bai gaishe ta ba. Ya tambaye ta ko hankalinta ɗaya. Ya ce ta iya ɗaukar hoto ta aika Tasawa, amma ba ta iya ɗauke 'ya'yanta daga ƙarƙashin bangon da zai danne su ba. Ya ce uwa ce ita ko 'yar kallo. Ya ɗaga murya har kajin da ke tsakar gida suka watse.

Munira ta ajiye rariya. Ta bar shi ya gama.

"Baba ya fi ƙarfinka, Imrana ba ka same shi ba, sai ni. To na ji, Yaya. Ka gama?"



Ta share hannu a zane ta matso, ta rage murya. Ta ce tun farkon damina, in gari ya yi tsit, ana jin ƙasa tana zuba a cikin bangon, sur sur, kamar ana zuba gero a buhu. Yara sun tambaya, Inna ta ce ɓeraye ne. Kullum da safe Inna takan share jar ƙasa daga ƙarƙashin gado, ta zuba a gefen zane, ta kai bayan gida kafin kowa ya gani. Munira ta ce ta taɓa hana yaran kwana a can, Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mata magana ba.

"Ta sani ke nan," in ji Haruna.

"Wa ya fi ta sanin bangon nan? Ita ta yi ta shafa shi tun ba a haife ni ba."

Inna tana cikin ɗakin, zaune a bakin gadon ƙarfe, tana ɓare gyaɗa a faifai. Gadon yana manne da bangon gabas. Haruna ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ciki akwai sanyi da wani wari kamar na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. A can sama, inda azara ta shiga bango, farar ƙasa ta yi dabbare dabbare.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta duban fuskarsa in tana magana. Haka uwa ke yi da ɗan fari, kuma shi bai taɓa ɗaukar haka da zafi ba sai yau. Ta amsa gaisuwarsa tana kallon faifai. Da ya fara bayani, sai ta juya wajen Munira, wadda ta tsaya a bayansa.

"Ki gaya wa mutumin Tasawa na ji. A bari a yi Sallah. Yaron nan ya zo ya ga ɗakinsa a tsaye, ya ci nama, ya koma. Bayan nan in za a rushe a rushe."

Haruna ya ce hadari ba ya jiran Sallah. Ya roƙe ta ko da ba za a taɓa bangon ba, ta koma bukkar Munira da yaran har a ga yadda za a yi.

Inna ta ce, har yanzu tana duban Munira, in aka ga ta bar ɗakin siminti ta koma bukka, kafin la'asar labari ya kai kasuwar Urafan cewa aikin Imrana na banza ne. Ta ce ta kwana a ƙarƙashin rufin nan shekarun da ba ta iya ƙirgawa, Allah bai kashe ta ba. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Ya fito. Ya zauna a kan turmin da aka kife, bai ci tuwon da Munira ta ajiye masa ba. Ya yi sallar azahar a masallaci, inda mutane biyu suka yi masa barka da zuwan ƙanensa, ɗaya kuma ya tambaye shi ko shi ma zai yi wa zauren siminti bana. Ya sake gwada lambar Imrana. Shiru.

Bayan la'asar gabas ta fara haɗewa. Baƙin ya taso daga ƙasa a hankali, iska ta ɗauke, zafi ya danne gari. Masu noma suka fara dawowa daga gona da sauri, mata suna kwashe shanya. Haruna ya zagaya bayan ɗakin ya tarar Dauda ya hau kan benci, ya riga ya cike rabin tsagar daga sama, yana lailaye wurin da cokalin gini. Baba Dikko yana tsaye yana ce masa ya yi hanzari kafin ruwa.

Haruna ya koma cikin gida. Ya leƙa ɗakin. Inna ta fita alwala, yaran suna wajen rumbu tare da uwarsu. Ya ja ƙofar ya sa sakata ta waje. Ya ɗauki taɓaryar da ke jingine da turmi, ya fito da ita a kafaɗa.

Baba Dikko ya yi dariya da ya gan shi. Ya ce ashe a Tasawa har daka ake koya wa maza.

"Dauda, sauka," in ji Haruna.

Dauda ya dubi Baba Dikko, ya dubi taɓaryar, ya sauka ya ja bencinsa gefe.

Haruna ya tsaya ta gefe, ba gaban bangon ba. Ya auna daidai layin gawayin ya daka. Ƙarar ta yi kamar an buga ganga, ta zagaya ɗakin. Baba Dikko ya daka masa tsawa, ya kira sunan mahaifinsa. Haruna ya sake dakawa a wuri ɗaya. Simintin bai fashe a inda aka buge shi ba. Can sama ne, a bakin indararo, ya saki. Ya rabu da bangon a hankali kamar ɓawon rogo, ragar waya tana ƙara, ƙusoshi suna fita ɗaya bayan ɗaya da dunƙulen laka a jikinsu. Falle guda, tun daga rufi har kusa da ƙasa, ya kifo waje ya tarwatse a kan gwangwanayen fenti. Kore ya malala cikin rairayi.

Ƙura ta lafa. Bangon da ke baya baƙi ne, jiƙe sharkaf. Daga ƙarƙashin indararo ruwa ya ci hanya mai faɗi, ya rarake tubalin har Dauda, da ya matsa ya tura hannu, sai da ya nutse zuwa gwiwar hannu. Ya ciro laka tana ɗiga. Kan azara biyu sun fito fili, sun yi baƙi, gara ta gina a kansu. Dauda ya danna ɗaya da babban yatsa, yatsan ya shiga. Can gefe kawai, inda ruwan bai kai ba, tsohon yaɓen yana nan da sawun yatsun Inna, layi layi.

Maƙwabta sun taru a bakin hanya. Baba Dikko ya daɗe yana duban ramin. Haruna ya jira ya ji abin da zai ce game da shi. Tsohon ya gyara riga, ya ce shi dai ba da shi aka yi ba, kuma ranar da Imrana zai tambaya kada a neme shi. Ya juya ya shiga zaure.

Ba lokacin tsayawa. Haruna da Dauda suka ciro dirkokin rumfa suka shiga suka tokare azarar daga ciki. Suka fito da gadon ƙarfe, da akwati, da jeren kwanonin Inna, Munira tana karɓa tana kaiwa bukka. Da aka janye gadon, sai ga tulin jar ƙasa a gindin bango, sabuwa, ta yau. Haruna ya gan ta, Munira ta gan ta.

Inna ta zagayo da butarta a hannu. Mutane suka buɗa mata. Ba ta dubi ramin ba sai sau ɗaya, kallon wanda ya ga abin da ya riga ya sani. Ta sunkuya cikin tarkacen, ta juya wani gutsure, ta juya wani, har ta sami wanda ke ɗauke da baƙaƙen farko na sunan autanta. Ta share masa fenti da gefen zane ta riƙe.

Sannan ta ɗaga murya yadda na bakin hanya za su ji. Ta ce ga hadari nan tafe. Ruwan yau ne ya kayar da simintin, Allah ya kiyaye ba kowa a kusa. Haka za a gaya wa Imrana, haka za a gaya wa duk wanda ya tambaya. Wata tsohuwa daga cikin taron ta ce haka ne, ruwan gabas ba shi da ta ido. Sauran suka gyaɗa kai.

Inna ta juyo. A karo na farko da Haruna zai iya tunawa, ta dube shi a fuska.

"Ka ji?"

Taɓaryar tana nan a ƙasa kusa da ƙafarsa. Bai san wanda take karewa ba, autan ko shi. Ya ce ya ji.

Iska ta iso da ƙarfi. Ta kwashi rairayi ta watsa wa mutane, ta ɗaga rufin wani rumbu, ta kori kowa cikin gida. Gari ya yi duhu, aka yi tsawa biyu masu nauyi. Haruna ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon bangon tsirara, yana lissafin ko dirkokin za su riƙe. Ɗigo ya faɗo a kan sirdin moto, wani a bayan hannunsa. Daga nan sai baƙin ya fara zamewa. Ya bi ta arewa da garin, ya nufi wajen Mayahi da ruwansa, ya bar rana tana leƙowa ja daga yamma. Maza suka fito suna duban sama, suna tsaki saboda gero. Ƙasa a bushe take ƙurmus. Fentin da ya zube har ya fara yin ɓawo.

A tsakar gida Inna ta sa an kawo mata kwando. Tana zaune a kan tabarma tana murtsuke ƙaiƙayi da hannu, tana tambayar Munira ko har yanzu ana samun jar laka a tsohon kududdufi.

Salular Haruna ta yi ƙara a aljihu. Sunan Imrana ne. Muryarsa ta fito da ƙarfi, cike da dariya da ƙugin mota. Ya ce yanzu suka shigo rezo, ya ga kira rututu, lafiya dai? Ya tambayi Inna. Ya tambaya ko Dauda ya gama fentin, ko koren ya yi kyau. Ya ce su tun la'asar suke hango hadari ta kudu.

"Ya ya, Yaya, kun samu ruwa?"

Inna ta daina murtsuke ƙaiƙayin. Ba ta ɗago ba.

Haruna ya dubi busasshen rairayin da ke gaban zaure. Ya taka zuwa gindin bedi, inda muryarsa ba za ta kai tsakar gida ba.

"Ko ɗigo," ya ce. "Ka ce wa direba ya rage rediyo. Magana zan yi da kai."